Barcin Tasnim a Kan Gada

Shekarar da za a sa Tasnim a aji ɗaya ita ce shekarar da aka tura uwarta, Mawahib, koyarwa Kalakla. Kowa ya san dalili, ko da yake ba wanda ya faɗa. Tun da gwamnati ta tura agogo gaba da awa guda, abin da ake kira bukur, wai don jama'a su koyi sammako, malamai suke gunaguni a bakin murhun shayi. Amma ranar da manya suka zo taro makarantarsu ta Alsawra kowa ya haɗiye nasa. Mawahib kaɗai ta miƙe, ta gyara farin tob ɗinta, lulluɓin matan garin, a kafaɗa, ta ce ita malamar kimiyya ce, ta bincika littattafanta kaf ba ta ga inda aka ce rana tana sauraron sanarwar rediyo ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, banda baƙon da ke jawabi. Hutu bai ƙare ba sai ga sauyin wurin aiki. Abokan aikinta suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wasu da tausayi, wasu da jin daɗi. Ita kuwa ta ɗaga kai ta ce Kalakla ai ba bayan duniya ba ce.

Ba bayan duniya ba ce, amma akwai kogi tsakani. Daga unguwarsu can ƙarshen Alsawra a Umdurman, inda kwalta ta ƙare, sai mutum ya hau mota zuwa tashar Shuhada, ya sake wata ta haye da shi gada zuwa Kasuwar Arabi, sannan ya yi kokawar shiga ta uku mai gangarawa kudu. Mijinta Hadi yana Jidda yana tuƙi. Da ya bugo waya kantin maƙwabta bai ga abin damuwa ba, ya ce ai Allah ya kawo sauƙi, gidan mahaifiyarsa Hajja Zuwaira yana bayan makarantar nan, sai a bar yarinya wurin kakarta. Ya ce dama 'yar fari ce, tun yaye ya kamata a kai ta. Mawahib ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi lafiyar bayansa da yake kuka da shi, ta ajiye wayar.

Ita ma 'yar fari ce. Ana yaye ta aka kai ta wurin kakarta a wani ƙauyen masu tsinkar auduga a Jazira, aka ce kwana biyu. Can ta yi haƙora, can ta fara makaranta. In uwarta ta zo ganin gida takan zauna nesa, ta kawar da fuska saboda kunya, in za ta aike ta sai ta ce “ke” ko “waccan”. Har ta rasu Mawahib ba ta taɓa jin sunanta a bakin matar da ta haife ta ba, ita kuma Yaya take ce mata. Ranar makoki ta zauna cikin mata tana neman kuka a cikinta kamar mai laluben allura a rairayi, ƙannenta suna birgima, ita tana miƙa wa baƙi ruwa. Don haka da ta haifi tata, ranar suna, cikin taron mata, ta ɗaga jaririyar ta kira ta da sunanta da ƙarfi. Tsofaffi suka rufe baki da gefen mayafi. Tun daga ranar dangin miji suke ce mata Ustaza, kuma ba kullum ba ne don girmamawa.

Komawa gidan Hajja ita da yarinyar ma ba ta sa shi a lissafi ba. Ta zauna can tana amarya, gidan da matan ƙannen miji da 'ya'yansu suka cika, ba ka rufe ƙofa sai an tambaye ka ko lafiya. Ga kuma ɗakinta guda da rumfa a Alsawra, guminta da na Hadi, in ta juya masa baya mako ɗaya ƙofa da kwanon rufi za su yi ƙafa. Barin Tasnim a makarantar unguwa kuwa, wa zai kai ta, wa zai tare ta? Sai ta yanke shawara yarinya za ta riƙa bin ta, su je tare, su dawo tare.

Makaranta ta buɗe da faɗuwar damina. Mawahib ta tsara al'amarin barci yadda take tsara darasi. Da an yi isha'i a kwanta, ba tatsuniya mai tsawo, ba shayi. Sai dai agogon gwamnati ya ce dare ya yi, gari kuma ya ce da sauransa. Yaran maƙwabta suna guje-guje a lungu, an ɗauke wuta, zafi ya koro kowa tsakar gida da gadonsa na igiya. Tasnim takan kwanta rigingine idonta biyu tana ƙirga taurari da Larabci, ta ɓata, ta sake daga farko. Da ƙyar barci ke sace ta, kuma bai daɗe da sace ta ba lokacin tashi ya yi, tun ladan bai yi gyaran murya ba.

Farko-farko yarinyar takan yi kuka in an tashe ta. Daga baya ta daina, kuma wannan ya fi damun Mawahib. Takan zaunar da ita kanta na rinjaya, ta goge mata fuska da tsumma mai ɗumi, ta zura mata rigar makaranta hannu bayan hannu kamar mai sa wa 'yartsana kaya, ta ɗura mata shayi da cokali, rabi a baki rabi a haɓa. Tafiya zuwa bakin kwalta cikin duhu da taɓo ba ta yaro mai layi ba ce. Sai ta ɗauko zane ta goya ta, yarinya 'yar shekara shida ƙafafunta suna dukan cinyoyin uwar, ta yafa farin tob a kai.

A garin nan goyo yakan faɗi asalin mace kafin ta buɗe baki. Matan gari a kafaɗa ko a kwankwaso suke ɗaukar yaro, goyon baya na 'yan yamma ne irin su Hausawa, waɗanda ake haɗawa duka a ce musu Fallata. Malamar makaranta da farin tob da jaka, ga kuma goyo, abin kallo ne a tasha. Wata rana a motar Shuhada wani mutum mai jarida ya ce da na kusa da shi, ba tare da ya rage murya ba, wai ka ga, ko an ba su alli ba sa barin halin gona. Mawahib ta juya ta amsa masa da Larabcin littafi mai wasali cikakke, ta ce audugar jallabiyar da ke jikinsa da goyo a baya aka tsinke ta, in tana yi masa ƙaiƙayi ya tuɓe. Wata tsohuwa ta matsa ta ba ta gefen kujera. Ta zauna tana son ta sami wanda za ta ba labarin nan da yamma su yi dariya, ta duba ba kowa.

Gada ita ce babbar jarrabawa. Duk motocin Umdurman nan suke taruwa su cushe kamar tumaki a bakin rijiya. Wata rana ruwan sama ne, wata rana mota ce ta mutu a tsakiya, wata rana sojoji ne suka tare hanya suna sauko da samari ɗaya-ɗaya suna tambayar katin bautar ƙasa. Direba ya kashe inji, hayaƙin wasu motocin ya shigo ta taga, 'yan sakandare cikin rigunansu masu zanen kakin soja su jingina da juna suna gyangyaɗi. Mawahib takan kwance goyon ta rungume yarinyar a ƙirji, hannunta ya mutu, ba ta motsa shi. In sun dawo da la'asar kuma sai ta shiga yaƙin hana ta barci, don ta samu ta kwanta da wuri. Ta ba ta gyaɗa, ta yi mata tambayar haruffa, ta ɗan ja mata kunne. Kafin su fita daga Kalakla kan ya faɗo kafaɗarta, ba ya tashi sai a ƙofar gida. Daga nan ido ya bushe, a koma ƙirgar taurari.

Haka suka yi ta yi har damina ta yi tsakiya. Hajja Zuwaira ta aiko sau biyu a ce yarinya ta zo ta ci abincin rana, Mawahib ta mayar da godiya ta ce za su rasa mota.

Ran nan da safe ana tsaye a layin taron safe, yara suna rera waƙar fareti suna buga ƙafa, Mawahib tana gaban 'yan ajinta manya a ɗaya gefen filin. Idonta, kamar kullum, yana kan layin 'yan aji ɗaya. Ta ga Tasnim ta yi gaba, ta yi baya, bakinta bai daina motsi ba, sannan ta tafi gaba ɗaya kamar karan dawa da aka sare. Goshinta ya sami bulon da aka kewaye shuka da shi. Mawahib ba ta san ta ratsa layuka ba, ba ta san tob ya zame mata ba, sunan yarinyar kawai take kira. Ciwon bai yi zurfi ba, jini ne ya yi yawa. Shugabar makaranta, Ustaza Ni'mat, ta wanke shi da kanta ta manna filasta, ta ce a hankali ba yau ne farko ba, malamar ajin ta gaji da ɗaga kan yarinyar daga kan benci, kunyar faɗa mata ake ji. Ta ba ta izinin zama da ita yau.

Labari a Kalakla ba ya jiran mota. Kafin a fita cin abincin hantsi sai ga Hajja Zuwaira ta shigo da sandarta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tsagen fuska, ta same su a inuwar darbejiya, yarinya tana barci a cinyar uwar. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa. Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon filastar.

“Ustaza,” in ji ta, “an ce kin san abin da ke cikin rana da wata. Wannan ta cinyarki fa, yaushe rabonki da jin hirarta?”

Mawahib ta ce tsautsayi ne, kuma za ta gyara lokacin kwanciya. Tsohuwar ta ce ta kawo ta kawai ta riƙa kwana, tashi ɗaya sai makaranta, ba mai cinye ta.

“Na san yadda ake yi, Hajja. A ce kwana biyu, a wayi gari yarinya tana ce wa uwarta Yaya.”

Tsohuwar ta yi dariyar da ba ta kai zuci ba. “Ni za ki gaya wa? Mutumin Jidda yana tatata aka ɗauke min shi.” Ba ta taɓa kiran sunan Hadi ba, shi ma ɗan fari ne. “Ina cikin gona nono yana jiƙa min riga, ban ce uffan ba, kada a ce ba ni da kunya. Ke kin yi karatu, kin iya kiran suna a gaban jama'a. To kira mana, wa ya riƙe miki baki? Amma mai barci kike ta kira.”

Ta dafa sandarta ta tashi, ta ajiye ƙullin dabino kusa da ƙafar yarinyar, ta tafi. Mawahib ba ta raka ta ba.

Da aka tashi ta ɗauki 'yarta suka nufi Alsawra kamar yadda suka saba, don kada a ce magana ɗaya ta karya ta. Hadari ya haɗu, gada ta cushe tun daga nesa. Sai dai yau Tasnim ta wuni tana barci a inuwa, idonta garau. Ta durƙusa a cinyar uwar ta manna hanci a taga. Da motar ta ja jiki ta hau gadar, kogi ya bayyana a ƙasa, ya cika ya batse, wani mai kwale-kwale yana jan taru a gefen ciyawa.

“Mama, wannan ruwan daga ina ya zo?”

Ta ce kogi ne, kullum ta kansa suke wucewa, safe da yamma.

“Kullum? Ni ban taɓa ganinsa ba.”

Motar ta tsaya cak a tsakiyar gada, direba ya kashe inji, kuma yau Mawahib ba ta duba agogo ba. Yarinyar ta buɗe baki kamar an fasa randa, Hausa da Larabci a cakuɗe. Ashe tana da ƙawa mai suna Sittana wadda ke cinye mata rabin burodi in ta yi barci, amma tana tashinta in malama ta juyo. Ashe haƙorinta na gaba yana girgiɗi, ta kama yatsan uwar ta sa a kai ta ji. Ashe 'yan aji sun sa mata suna Gyangyaɗi, har da waƙa, ta rera mata waƙar tana dariya. Mawahib tana ta cewa “to”, “haka ne?”, tana kallon bakin nan da bai huta ba. Ta hana kowa yarinyar nan, ta goya ta ta ratsa gari biyu, amma wata 'yar aji ɗaya mai satar burodi ta fi ta sanin ta. Ruwa ya sauko, aka rufe tagogi. Ta juya fuska wajen gilashi har suka sauka daga gadar.

Ranar Juma'a ta wanke kayan yarinyar duka, ta yi mata kitso ƙanana masu daɗewa. Ran Asabar bayan an tashi ba su nufi tasha ba, suka zaga bayan makaranta. Matan gidan suna tsakar gida, wata na tuƙa tuwon asida, wata na tsefe wa 'yarta kai. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta ce a tsaye za ta yi magana. Ta ce aro ta kawo, ba kyauta ba. Ran Alhamis za ta riƙa tafiya da abarta, ta dawo da ita Asabar. In an yi hutu, gida. Sannan abu na ƙarshe, kada kowa ya tashi yarinyar nan da safe, ita za ta zo ta tashe ta.

Matan suka kalli juna. Mai tuƙa asida ta ce daga Alsawra? Ko Ustaza ta sayi jirgin sama ne ba a gaya musu ba? Aka kwashe da dariya. Hajja Zuwaira ba ta yi ba. Ta jawo jikar tata ta zaunar kusa da ita, ta ce wannan ƙazamar baƙuwa da fasasshen goshi ko sisi ba za ta saye ta ba, sannan ta ce da Mawahib ƙofar gidan nan ba ta da sakata bayan sallar asuba.

Komawa ba yaro ta fi sauƙi, kuma ba wanda ya matsa mata gefen kujera. Ta tsaya riƙe da ƙarfe tun daga Kalakla har Kasuwar Arabi, hannun hagunta yana ta neman abin da zai tallafa. A gida ta fito da gado ɗaya tsakar gida, ta dafa shayi ya yi mata yawa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambayi yarinya, ta ce tana wurin kakarta, lafiya lau, ta juya kafin a ƙara wata tambayar.

Washegari ta riga motar farko zuwa bakin kwalta. Duk da haka gada ta riƙe ta, sojoji sun tare hanya, gari ya waye tana kallon bayan wata motar yashi. Tana zaune ta san yau ce ta farko kawai. Akwai ranar da za a riƙe ta har hantsi, dole wani ya tashi yarinyar, kuma akwai ranar da yarinyar ba za ta tambayi ina uwarta ba. Da ta sauka a Kalakla ruwan jiya ya cika lungu, ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta tattare farin tob, ta yi ta sauri cikin taɓo. Tana jin ƙararrawar makaranta daga nesa.

Ƙofar a buɗe take. Yaran gidan duk sun tafi. A ƙarƙashin rumfa Tasnim tana kwance a gadon igiya ta baje hannuwa, rana har ta taɓa ƙafarta. Hajja Zuwaira tana zaune a ƙasa tana kore mata ƙuda da mafici, ga kofin shayi an rufe da faranti, ga rigar makaranta a ninke.

“Kin makara, Ustaza. Waɗancan sun ce in tashe ta, na ce mai ita tana hanya. Ga ta nan, ban taɓa ta ba.”

Mawahib ta ajiye takalman. Ta durƙusa da taɓonta, ta sa tafin hannu a kumatun yarinyar, ta kira ta a hankali. Kira ɗaya ta buɗe ido. Ta kalli uwar, ta kalli rufin rumfa, ta yi miƙa.

“Mama, mun iso?”

“Mun iso. Tashi ki sha shayinki.”

Ta zauna da kanta ta karɓi kofin da hannu biyu. An riga an fara waƙar fareti, ana jin bugun ƙafafu ta bayan katanga. Tsohuwar ta ce su hanzarta kada a rufe musu ƙofa. Mawahib ta ce a rufe, ta zauna a bakin gadon tana jira yarinyar ta gama hura shayinta.